Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan 'Yan Sandan Kano Kan Shaye-Shaye Da Daba A Titunan Birni

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan 'Yan Sanda na Jihar Kano,
Hedikwatar Runduna, Bompai, Kano.

Tare da sanarwa ga Babban Kwamandan Hukumar Hisba ta Jihar Kano, da Kwamandan Hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, reshen Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da jami'anka, da addu'ar Allah ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu a bakin aiki ya ba iyalansu haƙuri, na rubuto maka wannan takarda ne a kan shaye-shayen da ake yi a bainar jama'a a titunan birnin Kano da lungunansa, da abin da yake biyo baya na faɗan daba da ƙwacen waya da tare hanya da cin mutuncin mata da dattawa. Na zaɓi in rubuta a buɗe domin maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Ita ake yi a majalisun ƙofar gida, da harabar masallatai bayan isha'i, da cikin adaidaita sahu, da shirye-shiryen rediyo da ake buɗe wa jama'a layi. Abin da nake son isarwa shi ne mun daɗe muna auna nasarar wannan yaƙi da yawan mutanen da aka kama da yawan kwalaben da aka fasa, alhali talaka ma'auninsa dabam ne: ko zai dawo daga kasuwa bayan magariba da wayarsa a aljihu, ko 'yarsa za ta je Islamiyyar dare ta dawo ba tare da yayanta ya raka ta da gora ba. In da wannan ma'auni za a auna, to da sauran aiki mai yawa a gabanmu.

A Kano idan aka ce shaye-shaye a kan titi, kwalbar giya ba ita ce a kan gaba ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar da rahotonsa a watan Janairun 2019, ya nuna cewa kashi 14.4 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64, kimanin mutum miliyan 14.3, sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma lissafin bai haɗa da giya da taba sigari ba. Kano ta zarce wannan matsakaicin, inda ta kai kashi 16 cikin 100, wato sama da mutum miliyan ɗaya, kuma a faɗin ƙasa mutum ɗaya cikin kowane huɗu masu shan mace ce. Abin da ake sha kuwa kowa ya san sunansa: wiwi, da tiramol, da kodin, da roci, da egzol, da sholisho, da madarar sukudayin, da gadagi, da zaƙami, ga kuma ƙanƙara da ta shigo daga baya. Wanda yake fita sallar asuba ta lungunan bayan kasuwa ko ta gefen ganuwa ya san abin da yake tararwa a cikin kwata, fankon katin ƙwaya da aka ɓalle tas, da tsumman da aka ɗiga wa sholisho ya bushe ya ƙandare, da guntayen takardar naɗa wiwi, da ƙananan ledojin barasa da aka yage bakinsu da haƙori. Da yamma kuma za ka ga saurayi a zaune a kan dakali riƙe da robar lemo yana kurɓa a hankali, babu abin da zai nuna maka cewa an juye kwalbar maganin tari a cikinta sai jinkirin maganarsa da nauyin idonsa. Motar sintiri za ta wuce shi sau uku ba ta ga laifi ba, amma maƙwabta sun san cewa kafin goma na dare shi ne zai tare yaron da aka aika sayo burodi.

Ban raina aikin da Hukumar Hisba take yi a kan barasa ba, domin doka ce ta ɗora mata. Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, aka kafa hukumar da doka a 2003, kuma tun daga nan take kame motocin giya tana fasawa a gaban jama'a: kwalabe 240,000 a watan Nuwamban 2013, da 1,975,000 a Nuwamban 2020, da sama da miliyan 3.8 a Fabrairun 2022. Ana iya karanta hauhawar wannan adadi a matsayin ƙaruwar himma, ana kuma iya karanta shi a matsayin shaida cewa cinikin bai mutu ba, kuma ina ganin duka biyun gaskiya ne. Sai dai samarin da suke zare wuƙa a Ɗorayi ko Sheka ko Kurna, mafi yawansu ba daga mashaya suka fito ba, kuma ko da an wayi gari babu kwalbar giya ko ɗaya a jihar nan, ƙwayar da ke aljihunsu tana nan. Game da Sabon Gari kuwa, unguwa ce da ta haura shekara ɗari tana ɗauke da mutane masu addinai da al'adu dabam-dabam, kuma magidantan cikinta su ma suna da 'ya'ya, su ma ba sa son a kafa teburi a kan titi ana sha har asuba, ko a sayar wa yaro, ko mutum ya bugu ya hau mota ya nufi titin Faransa a guje. Wannan aikin 'yan sanda ne tsantsa, ba ya buƙatar muhawarar addini. In za a faɗi gaskiya kuma, da yawa daga cikin motocin da ake jerawa a can da daddare ba na mazauna unguwar ba ne, daga cikin gari suke zuwa. Barasar leda ita ce ta fi ba ni tsoro a wannan fanni, saboda arha ce kuma tana shiga aljihun ɗan makaranta. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta sanar da haramta ta a farkon 2024, amma aka yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato salon sumame da holi. Yadda aka saba shi ne, a yi faɗan daba a wata unguwa, a sassari mutane ko a rasa rai, hotuna su bazu a Facebook, jama'a su yi ca, sai bayan kwana ɗaya ko biyu motoci su dira a unguwar da daddare a kwashe duk saurayin da aka samu a waje. Su kuwa masu gariyo da ɗan bida da barandami sun riga sun tsere, domin suna da yaran da suke tsaya musu a bakin lungu, kuma sun fi kowa sanin katangar da ake haurawa a faɗa wata unguwa. Waɗanda hannu yake kaiwa gare su sau da yawa su ne mai zaune a teburin mai shayi, da wanda ya fito daga gidan kallon ƙwallo, da yaron mai faci, da ɗalibin da zafi da rashin wuta suka koro daga ɗaki. A cikinsu akwai masu laifi, ban musa ba, amma an gauraya su da marasa laifi ta yadda ko jami'in da ya yi kamun ba zai iya rantsuwa a kan kowane ɗaya ba. Daga nan sai a jera su a ƙasa a gaban 'yan jarida, a baje wuƙaƙe da ƙullin wiwi a gabansu, a karanta adadi, a watse. Abin da kyamara ba ta ɗauka shi ne washegari, lokacin da iyaye mata suke tsaye a ƙofar ofishin 'yan sanda tun hantsi, da kwanon abinci a ɗaure cikin ɗankwali, suna neman wanda zai yi musu iso. A bangon ofisoshinku an rubuta cewa beli kyauta ne, amma ƙorafin da ya cika bakin jama'a shi ne sai an sayar da akuya ko keken ɗinki kafin yaro ya fito, kuma wanda ya fi saurin fitowa shi ne wanda yake da uban gida, ba wanda ya fi tsarki daga laifi ba. Ko da rabin wannan ƙorafi ne gaskiya, ya isa a bincika.

Illar wannan salo ta wuce zaluntar mutum ɗaya. Yaron da bai taɓa riƙe wuƙa ba, idan aka tura shi gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse ya yi watanni yana jiran shari'a, zai fito ya san manyan 'yan daba da sunayensu, su ma sun san shi, ga tabon gidan yari da zai hana a ɗauke shi aiki ko a ba shi aure. Unguwar da aka kwashe wa 'ya'ya babu bambancewa kuma takan rufe bakinta, domin uban da ya ga an tafi da ɗansa na kirki ba zai sake kiran 'yan sanda ba ko da a gabansa ake sayar da ƙwaya. Doka ma ba ta goyi bayan wannan salo ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma a cikin birnin Kano babu ofishin da zai ce kotu ta yi masa nisa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 a sashe na 36 ta haramta kama wani a madadin wani, abin da har yanzu ake kuka da shi idan aka nemi yaro aka rasa sai a tafi da mahaifinsa ko ƙanensa, alhali tun kafin wannan doka Alƙur'ani ya faɗa a Suratul An'am cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Sashe na 54 na dokar kuma ya fayyace cewa aski ko sutura ko shekarun mutum ba hujjar zargi ba ne. Jiharmu ta yi nata dokar gudanar da shari'ar laifuka a 2019. Ba sabuwar doka muke nema ba, Yallaɓai, waɗannan muke roƙon a yi aiki da su, kuma a buɗe wa alƙalan majistare ƙofa su riƙa ziyartar ɗakunan tsare mutane kowane wata kamar yadda aka tanada.

Mutum uku ne a cikin wannan lamari, kuma haɗa su a mota ɗaya shi ne tushen kuskuren. Akwai mashayin da cutar kansa yake yi, wanda magani da gyaran hali ya fi buƙata. Akwai ɗan daba da ya ɗauki makami ya zubar da jini, wanda ya cancanci a bincike shi da kyau a kai shi kotu da shaidu har a yanke masa hukunci. Sannan akwai dila da wanda yake ba dila kaya, waɗanda ba a cika ganinsu a wurin holi ba. Muddin na ukun nan yana barci a gidansa, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Mun ga abin da taɓa tushe yake haifarwa. A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabe miliyan uku na kodin kullum a Kano da Jigawa, a watan Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken da ya nuna yadda maganin yake fitowa daga kamfanoni zuwa hannun 'yan kasuwar bayan fage, sai ga gwamnatin tarayya a ranar 1 ga Mayu na shekarar ta hana sarrafa shi da shigo da shi. Kodin bai ɓace ba, amma ya yi tsada ya kuma yi wuya, abin da kamen mashaya dubu bai taɓa yi ba. Haka nan a farkon 2024 NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna sama da 1,300 a yankin Sabon Gari domin tilasta wa dillalan magani komawa kasuwar da aka gina musu a Dangwauro, inda za a iya sanin abin da ya shigo da inda ya tafi. Saura a bi sawun abin da yake sulalewa zuwa ƙananan kemis na lungu da masu tallan magani a faranti a tashoshin mota, kuma wannan aiki ne da ke buƙatar jami'an sirri masu haƙuri da haɗin kai na gaskiya da NDLEA, wadda tun 1989 aka kafa ta domin shi. Kanawa ba su manta da Kwamishina Muhammad Wakili ba, wanda a 'yan watannin da ya yi a 2019 ya sa "maza ƙwaya, mata ƙwaya" ta zama karin magana a gari, ya kuma tunkari masu katan-katan ba masu ƙulli kawai ba. Amma ya yi ritaya a watan Mayun shekarar, zafin aikin ya tafi tare da shi, saboda an gina shi a kan mutum ɗaya ne ba a kan tsari ba.

Akwai kuma uban gida, wanda kowa yake tsoron ambata. Daba da siyasa a Kano sun daɗe tare, tun zamanin 'yan bangar jam'iyyun NEPU da NPC a shekarun 1950, har zuwa 'yan jagaliyar yau da ake loda wa a motoci ranar taro, a ba su kuɗin ƙwaya da hula da riga mai hoto. Idan zaɓe ya wuce sai a sallame su da makamansu da jarabar da aka koya musu, su dawo kanmu. Ba jam'iyya ɗaya nake nufi ba. Duk wadda ta taɓa riƙe mulki ko neman sa a jihar nan tana da kasonta. Mun ga ƙarshen abin a ranar 1 ga Agustan 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta koma wawaso da ƙone-ƙone cikin 'yan sa'o'i. Sashe na 227 na kundin tsarin mulki ya haramta wa kowace ƙungiya tara mutane ko horar da su domin nuna ƙarfi a harkar siyasa, amma holi nawa aka yi aka nuna mana wanda ya biya kuɗin motar? Roƙona a nan ƙarami ne kuma yana cikin ikonka: duk wanda ya zo ko ya bugo waya neman a saki wanda aka kama da makami, a rubuta sunansa da muƙaminsa a rajista, kuma ka ba DPO-DPO ɗinka tabbacin cewa ba za a yi wa ɗayansu canjin wurin aiki ba don ya ƙi amsa irin wannan kira.

Abin da zai fi sauya rayuwar mutane cikin gaggawa shi ne kasancewar jami'ai a wuraren da aka sani a lokutan da aka sani. Ɓarnar nan ba ta warwatsu daidai a faɗin ƙananan hukumomi takwas na birni ba. Tana da matattara, kuma duk direban adaidaita sahu zai lissafa maka su: hanyar Ɗan Agundi zuwa Ƙofar Na'isa, da tsakanin Ƙofar Mata da Yakasai da Zango, da wasu sassan Ɗorayi da Ja'en da Rijiyar Lemo, da ƙarƙashin gadoji, da bakin kududdufai, da maƙabartu marasa katanga, da kangwayen da masu su suka yi watsi da su shekara da shekaru. Tana da lokaci kuma, daga magariba zuwa sha ɗayan dare, da bayan tashi daga wasan ƙwallo, da daren biki, da ranakun hawan Salla da tarukan siyasa. Jami'ai huɗu da za su riƙa takawa da ƙafa a wuri ɗaya kowane dare na tsawon wata shida, har su san mai shayi da liman da mai unguwa da sunayen yaran da ke zama a kan gada, sun fi mota goma da za ta zo sau ɗaya da jiniya. Na san za a ce babu isassun ma'aikata, kuma gaskiya ne, amma jama'a suna ganin yawan waɗanda aka jibge a gidajen manya da ayarin motocinsu, suna kuma ganin shingayen da aikinsu bai wuce tsayar da masu ɗaukar kaya ba. Wani ɓangaren aikin ba naka ba ne, na gwamnatin jiha ne da ƙananan hukumomi, kamar gyara fitilun titi, da katange maƙabartu, da tilasta wa masu kangwaye su toshe su ko su gina, sai dai kai kake zama a majalisar tsaro ta jiha, kuma idan jerin wuraren ya fito daga hannunka zai fi nauyi a kan idan ya fito daga hannunmu.

A watan Mayun 2023 majalisar tsaron jiha ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami, kuma mutane sun yi na'am, domin an rasa rayuka masu yawa a kan wayar da kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba. Amma wayar da aka ƙwata sayar da ita ake yi, kuma akwai mai saye, akwai mai cire mata makulli. Mafi yawan 'yan kasuwar waya na Farm Centre da titin Beirut mutanen kirki ne da su ma abin yake zubar wa da mutunci, don haka ina ganin shugabanninsu za su ba da haɗin kai idan aka zauna da su aka tsara rajistar da za a riƙa rubuta lambar jikin kowace tsohuwar waya da shaidar wanda ya kawo ta. Matakin da ya shafi mai laifi kai-tsaye irin wannan ya fi wanda yake faɗa wa kowa da kowa, kamar hana adaidaita sahu zirga-zirga daga goma na dare da aka yi a watan Yulin 2022, wanda ya bar ma'aikacin asibiti da mai gidan burodi suna tafiya a ƙasa cikin duhu.

Masu unguwanni da dagatai da hakimai sun san kowane gida, kuma an sha cewa su kawo rahoto. Abin da yake hana su, da sauran jama'a, shi ne tsoron kada sunan mai rahoto ya riga shi isa gida, a wayi gari an farfasa masa ƙofa ko an sari ɗansa. Sai an samar da hanyar da bayani zai isa ga babban jami'i ɗaya amintacce ba tare da ya bi ta kan kantar ofishin 'yan sanda ba, sannan mutane za su yi magana. 'Yan sintirin unguwa, waɗanda muke tara musu kuɗi gida-gida a ƙarshen wata, suna ƙoƙari matuƙa kuma wasunsu sun rasa rayukansu, amma suna buƙatar horo da iyaka, domin dukan wanda ake zargi har ya mutu kisan kai ne ko da wane ne ya yi shi, kuma yawaitar ɗaukar doka a hannu alama ce ta cewa mutane sun fid da rai da kotu. Dokar kafa rundunar tsaron unguwanni da gwamnatin jiha ta sanya wa hannu a 2025 za ta yi amfani idan aka tace waɗanda ake ɗauka, za ta kuma zama sabuwar masifa idan ta koma wurin sakayya ga yaran 'yan siyasa.

Game da tubabbu, shirin da rundunarka ta yi a 2023 a ƙarƙashin Kwamishina Mohammed Usaini Gumel, na kiran shugabannin daba su ajiye makamai, tunani ne mai kyau, kuma sama da mutum 200 sun amsa. Inda aka yi gaggawa shi ne sanya wa 50 daga cikinsu kakin 'yan sandan sa-kai, har Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ta Ƙasa ta nuna rashin amincewarta. Wanda ya tuba jiya sana'a yake buƙata da magani da mai sa masa ido, ba iko a kan mutanen da ya tsorata shekaranjiya ba. Wuraren maganin kuwa sun yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da mutum miliyan ɗaya. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai cibiyar gyaran hali ta Ƙiru, akwai ɗan abin da NDLEA take iya ɗauka, kuma tun da aka rufe gidajen mari a 2019 saboda azabtarwar da aka bankaɗo, iyaye da yawa ba su san inda za su kai ɗansu ba, balle 'yarsu, wadda ake ɓoye tata matsalar a ɗaki saboda gudun abin kunya. Ya kamata a samu yarjejeniya tsakanin rundunarka da ma'aikatar shari'a da ta lafiya, ta yadda wanda aka kama da abin shansa kawai, ba makami ba jini, kotu za ta iya tura shi magani maimakon gidan yari.

Allah ya gafarta Malam, Babban Kwamandan Hisba, a nan maganar ta zo gare ka. Dakarunka sun fi kowa shiga lungu, kuma iyaye mata sun fi sakin jiki su kawo muku kukansu a kan su je ofishin 'yan sanda, wannan kuwa jari ne babba. Kada a ɓatar da shi wajen aske wa samari kai a bakin titi ana ɗauka a waya ana yaɗawa, domin yaron da aka tozarta a gaban unguwarsu ba ya dawowa masallaci, dabar da za ta karɓe shi yake nema. Ka fi ni sanin hadisin da ke cikin Bukhari na mutumin da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da ManzonSa. An tsayar masa da hukunci, ba a kuma kore shi daga cikin jama'a ba. Tun takaddamar 2006 da gwamnatin tarayya, wadda ta kai har Kotun Ƙoli, iyakar aikin Hisba da na 'yan sanda take neman fayyacewa, kuma sashe na 214 na kundin tsarin mulki ya bar rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce a ƙasa. Rubutacciyar ƙa'ida a kan wa zai kama, wa zai tsare, cikin awa nawa za a miƙa, za ta kare jami'an ɓangarorin biyu da kuma wanda aka kama.

Ranka ya daɗe Kwamishina, buƙatata ta ƙarshe ita ce a canza irin alƙaluman da ake ba mu. Mun gode da sanar da mu adadin waɗanda aka kama, amma muna so duk bayan wata uku a faɗa mana nawa ne aka gurfanar, nawa aka yanke wa hukunci, nawa aka sallama saboda babu hujja, dillalai nawa ne a ciki, jami'ai nawa aka hukunta saboda karɓar kuɗin beli, da kuma rahoton sara da ƙwace nawa aka samu a kowane yanki idan aka kwatanta da watannin baya. A karanta wannan a rediyo da Hausa, sannan kowane DPO ya zauna da mutanen yankinsa a makarantar firamare mafi kusa, tare da mai unguwa da limamai da shugabannin coci da wakilan mata da na matasa, ya amsa tambayoyinsu. Idan aka sa ranar irin wannan zama a yankinmu, ni da maƙwabtana za mu zo da jerin kangwaye da lungunan da muke magana a kai, a rubuce.

Allah ya yi maka jagora, ya kare ka da jami'anka.

Wassalamu alaikum.

Naka cikin girmamawa,
Wani magidanci, mazaunin cikin birnin Kano.